Taku Goma Sha Ɗaya

Da asuba, tun Tsahara ba ta hura wuta ba,
na ɗauki karan dawa na fito tsakar gida,
na ja layi daga gindin randa har katangar Lawali,
na taka, ina ƙirgawa a zuci:
taku goma sha ɗaya.
Jiya ma haka na samu.
Fili ba ya girma da dare, yara ne ke yi.

Mu tara ne, ɗaki biyu da rumfa.
Harisu ya yi tsawon da in ya miƙe a tabarma
ƙafarsa na leƙen ƙofa.
Basira na haddar darasin lakwal a bakin murhu,
littafinta duk ƙaurin hayaƙi.
In baƙo ya sauka daga Tibiri
sai mu hau rabon makwanci kamar rabon gado,
ni in ce zafi nake ji, in shimfiɗa a waje.

Sha'aibu magini ya zo ran Lahadi
da igiyar awo, fensir a bayan kunne.
Ya zaga, ya tsuke baki, ya daki ƙasa da dunduniya.
Bulo ɗari bakwai, in ji shi, in ba a yi ɓarna ba,
siminti buhu talatin, yashin Gulbi amalanke ashirin,
kwano, katako, ƙofar ƙarfe, taga guda mai duban gabas.
Ya rubuta jimla a bayan kwalin shayi.
Na ninke na sa a aljihun gaba,
takarda ce, amma har sunkuyar da ni take.

Sannan ya nuna bedin da haɓa:
"Wannan fa, sai dai haƙuri."

Inna ce ta dasa shi
shekarar da muka baro Bagalam muka tare nan Zariya.
Da ruwan wanke-wanke ta raine shi, ƙoƙo-ƙoƙo,
ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki.
A inuwarsa ta ɓare gyaɗar shekara ashirin,
a inuwarsa muka karɓi gaisuwarta.
Ƙusar da take rataye carbi na nan,
ɓawo ya kusa haɗiye ta.

Tsahara ta ce, "Inuwa ba ta tare ruwan Agusta, Malam."
Gaskiyarta.
Ita ke kwasar katifa in gabas ta haɗe rai.
Adashinta ne ya sayi bulo ɗarin farko,
ga su can jingine da bango,
jar akuya ta mai da su dutsen hawa,
ƙananan sun buɗe kanti a kai, suna sayar da tsakuwa.

Duk ƙarshen wata in ƙara hamsin,
siminti ya ƙara dala ɗari.
Ina bin sa a ƙasa, shi yana bisa kabu-kabu.
Harisu ya ce, "Baba, kafin a kai ga rufi
ina Yamai ina karatu."
Ya yi dariya, ni ban yi ba.
Wa nake gina wa ke nan,
mai shirin tafiya,
ko wanda zai dawo wata rana ya rasa inda zai aje jaka?

Daren jiya an yi yayyafi, layina ya goge.
Yau na sake ja,
da na iso gindin bedi sai hannuna ya kauce da kansa,
ya zagaye, ya bar masa taku uku.
Ɗakin ya fito da kusurwa biyar,
kamar yaron da ya matsa wa tsohuwa a kan benci.
Sha'aibu zai ce ba a gini haka, saiwa za ta tsaga daɓe.
In ce ya ƙara ƙarfe.
Ya ce kuɗi.
In ce na ji.

Tsahara ta fito da buta,
ta tsaya tsakiyar ɗakin da ba a gina ba,
ta dubi bedin, ta dube ni, ta daɗe.
Ta ce, "To a maido tagar wannan gefen,
ko iskarsa mu samu."

Ba ta tsallake layin ba.
Ta bi ta inda na bar wa ƙofa
ta tafi hura wuta.